Sennheiser HD 600: Abin da Kunnena Ya Ji Bayan Na Bar Hedifon Mai Duman Bas

Duk wanda ya daɗe yana amfani da hedifon mai matsakaicin kuɗi, ranar da ya ce zai ƙara gaba abu biyu yake sa rai: ƙara ta fi ta da, bas kuma ya riƙa dukan ƙirji. Sennheiser HD 600 ba zai ba ka ko ɗaya daga ciki ba. Idan ka jona shi da waya kai tsaye, sai ka ga ma kamar ya fi tsohon naka sanyin murya. Duk da haka na daɗe ban sayi kayan sauti da na ji kuɗina ya biya ba kamarsa, kuma dalilin guda ne: yadda yake fito da muryar ɗan Adam da duk abin kiɗan da amonsa ke kusa da ita.

Wanda nake da shi a da mai rufaffen baya ne, irin wanda ake gani a wuyan masu haɗa kiɗa. Ya yi mini aiki iyakar ƙarfinsa. Amma ledar matashin kunnensa ta fara ɓarewa tana manne mini a gemu, lokacin bazara kuwa kafin a gama waƙa uku kunnuwa sun jiƙe sharkaf. Abin da ya fi damuna shi ne bas ɗinsa yana hawa kan murya. Mawaƙi na faɗin magana mai nauyi, ganga ta danne rabin baitin, sai ka mayar baya ka sake ji.

Uku na sa a gaba kafin na yanke shawara, kuma na yi sa'a wani abokina mai situdiyo a wajen titin Gidan Zoo yana da biyu daga ciki, na zauna na saurara a natse. Beyerdynamic DT 990 Pro, ƙirar Jamus mai ohm 250 (ma'aunin yadda hedifon ke tirje wa wutar da ake tura masa), yana da faɗi da ƙwari, kuma an ɗaga siririn sautinsa sosai. Masu tace murya na son haka don kowace ƙura ta fito fili, ni kuwa mai zaman saurare ne na dogon lokaci, na fi son abu mai laushi. Hifiman Sundara na da wata fasaha daban, maimakon ƙaramar lasifika mai naɗin waya, wani siririn fallen leda ne ke kaɗawa a tsakanin maganaɗisu. Bas ɗinsa na nutsewa ƙasa tsaf, ba hayaniya. Na so shi ƙwarai, sai dai nauyinsa ya haura giram 370, na HD 600 kuwa giram 260 ne, kuma wuya ta san bambanci. Na ukun ɗan uwan HD 600 ne, wato HD 650 da ya fito a 2003, wanda ya ɗan fi shi kauri da ɗumi. Tsakanin waɗannan biyun ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa.

HD 600 tsohon hannu ne. A 1997 ya fito, kuma har yau ana ƙera shi ba tare da an taɓa asalin sautinsa ba. Fentinsa mai ɗigo-ɗigo kamar dutsen marmara ne aka canza zuwa launi ɗaya a 2019. Kamfanin, wanda Fritz Sennheiser ya kafa a Jamus a 1945, shi ne ya fara fitar da hedifon mai buɗaɗɗen baya tun 1968 da HD 414, don haka wannan hanyar gadonsu ce. Buɗaɗɗen baya na nufin bayan kowane kunne raga ce ta ƙarfe, kana hango lasifikar ta ciki. Iska na shiga tana fita, sautin ba ya bugun bango ya dawo cikin kunne, shi ya sa ba ka jin wannan gunjin na cikin akwati da aka saba ji a rufaffe.

To, ga abin da na ji. Na fara gwada shi da kiɗan kalangu da aka ɗauka da kyau. Kowa ya san kalangu magana yake, makaɗi ya matse tsirkiya a hammata amo ya hau, ya saki ya sauka. A tsohon hedifon ina jin hawa da saukar, amma a dunƙule. A nan sai na ji bugun makaɗin a kan fata daban, amon da ke biyo baya daban, har da ɗan kukan tsirkiya lokacin da ake matsa ta. Kuntukuru da ke riƙe da kari a gefe, wanda a da yake ɓacewa, yana nan a wurinsa tun farko har ƙarshe. Goge kuwa, wanda hedifon mai kaifi ke mayarwa abin tsire kunne, ya fito da kaushin izgarsa ba tare da ya sa ni rage ƙara ba.

Murya ita ce gidansa. Idan mawaƙi ya ja numfashi kafin ya ɗauko baiti, za ka ji. 'Yan amshi ba su zama tari guda ba, kana iya ware mai zaƙin murya da mai kauri, ka bi ɗaya har su ajiye. A karatun Alƙur'ani ma abin ya ba ni mamaki: gunna da madda da fitar haruffan maƙogwaro duk suna fitowa sarari, har amsawar ɗakin da aka yi ɗaukar kana ji. Wanda ke bin karatu don gyaran tajwidi zai amfana da wannan fiye da yadda yake zato. Hira da labaran rediyo ma sun fi daɗin bi, ba ka ƙara sauti don ka gane me aka ce.

Bas yana nan, kuma mai tsabta ne, amma yana da iyaka. Amon ganga da na jita mai kauri suna fita daidai. Wancan rugugin na can ƙasa, wanda kiɗan zamani na kwamfuta ke jingina da shi, yana raguwa, domin haka yawancin masu buɗaɗɗen baya irin wannan ƙirar suke. Idan abin da kake ji dare da rana Afirobit ne ko hip-hop, wannan rashi zai taɓa ka, kuma gara ka duba Sundara ko wani rufaffe mai kyau. Filin sautinsa ma ba mai faɗi ba ne. Makaɗan na kusa da kai, kamar kana zaune a tabarma ɗaya da su a zaure. Ni hakan nake so, mai son jin faɗin babban ɗakin taro kuwa zai ga kamar an matse shi.

Sai maganar ohm 300 da HD 600 ke da shi, wadda masu talla ba sa tsayawa su bayyana. Yawancin iyafis da hedifon na waya suna tsakanin ohm 16 zuwa 40, ƙaramar wuta ta ishe su. Wannan yana buƙatar a tura masa ƙarfi sosai. Waya ko kwamfutar cinya za su sa ya yi magana, amma a waƙar da aka ɗauka a hankali za ka kai ƙara ƙarshe ba ta ishe ka ba, ganga ta rasa kuzari. Na haɗa shi da ƙaramar amfilifaya ta tebur mai na'urar juya sautin dijital zuwa wanda lasifika ke karɓa a ciki, irin waɗanda kamfanoni kamar FiiO da Topping ke yi, nan take ya miƙe. Ba sai ka kashe kuɗin mota a kan amfilifaya ba, matsakaiciya ta wadatar, kuma kada wani ya ruɗe ka da wayar jonawa mai tsada wai za ta canza sauti. Amma ka sa kuɗin amfilifayar a lissafi tun farko. Da yake wuta a wajenmu sai ta ga dama, wadda ke aiki da USB ko mai batir a ciki ta fi dacewa.

Buɗaɗɗen baya yana da farashinsa a irin muhallinmu. Ba ya tare komai. Janaretan maƙwabci, fanka a lamba uku, kukan yara a tsakar gida, duk tare za ku saurara. Abin da kake ji kuma na kusa da kai ma yana ji, don haka ba na ofis ba ne, ba na Adaidaita Sahu ba ne, ba kuma na daren da uwargida ke barci a gefe ba. Lokacin da na fi jin daɗinsa bayan sallar isha'i ne in gari ya yi shiru, ko da asuba. Da hunturu kuwa raga ƙofar ƙura ce, ina gamawa nake mayar da shi akwati ko na lulluɓe shi da ƙyalle. Ribar ita ce matashinsa na yadi ne mai laushi irin karan-miski, iska na ratsawa, zufar nan ta da ta zama tarihi.

Wani abin lura, ba ya rufa wa sauti asiri. Waƙar da ta bi ta hannu goma a WhatsApp, kowa ya ƙara matse ta, za ka ji kuge ya koma kamar ana murza leda. Tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset za su zo da shuuu ɗinsu. Abin mamaki, su waɗannan na kaset sun fi daɗin ji a kansa, don muryar na nan da ranta ko da ƙura a kai. Wanda zai saye shi ya fara tara waƙoƙinsa a FLAC (tsarin ajiyar sauti da ba ya rage inganci) ko MP3 mai 320 (mafi ingancin MP3), in ba haka ba ya sayi abin da zai riƙa nuna masa aibin ma'ajiyarsa ne kawai.

Sabo yana matse kai, musamman ga mai babban kai ko mai tabarau, amma yana saki da amfani. In za ka taimaka masa, ƙarfen da ke zamewa a gefe za ka ɗan lanƙwasa a hankali, kada ka taɓa robar saman. Wayarsa mita 3 ce, ta zaman ɗaki, tana cirewa daga kunnuwa biyun, kuma tana zuwa da kan da ke mayar da milimita 3.5 zuwa 6.3. Matashin kunne, soson saman kai, waya, raga, kusan komai ana ɓalle shi da hannu a sa sabo. Matashin na kwanciya da daɗewa, kuma idan ya kwanta sautin na ɗan dushewa, don haka idan ɗan uwa zai taho maka da shi daga waje, ka ce ya haɗo da matashi na asali guda biyu. A kasuwannin Amurka farashinsa kan kama daga dala 300 zuwa 400 da wani abu, gwargwadon lokaci. Idan wani ya kawo maka shi a kwali da kuɗin da bai kai rabin haka ba, ka nemi rasit da lambar jikinsa, ka kuma jona shi da amfilifaya ka saurari waƙar da ka haddace kafin ka ƙirga ko sisi.