Gargaɗi ga masu neman tsohon keken Raleigh: akwai wani ɗan damfara yana yawo a Facebook da WhatsApp

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah duk mai sha'awar tsofaffin kekunan Ingila, Rali ne ko Rudge ko Humber ko Hercules, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko sisi. Akwai wani mutum da yake tallan cewa ya shigo da kwantena guda na kekunan da daga Ingila, wai na shekarun 1950 ne, ba a taɓa taɓa su ba tunda aka ajiye su a sito. Bazan kira suna ba, dama sunan ma canza shi yake yi kamar riga, amma salon nasa baya canzawa, shi zan faɗa muku.

Hotunan da yake sakawa masu kyau ne ƙwarai, kuma kekunan da ke cikin hoton na gaske ne, matsalar kawai ba nasa bane, kwaso su yake daga shafukan gwanjo na turawa. Ku lura da bayan hoton zaku ga ciyawa kore shar da katangar jan bulo, wani ma har da motar da ba lambar ƙasar nan ba, amma mutumin yace maka kayan suna shagonsa. In ka nuna kana so sai ya fara da ranka ya daɗe Alhaji, saura guda biyu kacal, wani ma yazo ɗauka da safe na hana shi saboda kai, ka saka rabin kuɗi kafin alƙalami in ɗora maka a mota yau ɗin nan. In kace a yi kiran bidiyo sai netwok ya lalace, ko yaron da ke riƙe da makullin sito ya tafi masallaci. Akawun ɗin da zai turo kuma sunan wani ne daban, yace na ƙaninsa ne.

Waɗanda suka tura, wasu daga alat ya shiga shikenan an toshe lambarsu. Wasu kuma yana turo musu keken, kuma wallahi wannan ɗin ya fi ƙona min rai, domin mutum sai ya cika sauran kuɗin yana murna yana godiya.

Kawuna yana cikin waɗannan. Dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, Rali ya hau duk tsawon ƙuruciyarsa, burinsa kawai ya samu irin wanda mahaifinsa ya taɓa mallaka ya ajiye a zaure yana gani. Aka ce masa na 1955 ne. Da keken ya iso tasha ya kira ni yace ɗana zo ka taya ni gani, naje na same shi baƙi wul yana ƙyalli, ga zanen ruwan gwal a jiki, ga tambarin zalɓen nan a gaba an rubuta Nottingham England, wato garin da masana'antar Rali take a da. Daga nesa babu wanda zai ce komai. Da na durƙusa na shafa wuyan keken sai naji wasu ƙananan ƙulluwa biyu a ƙarƙashin fenti, gefen tambarin, na ɗan kankara da farce sai ga ramukan tsohon tambari an cike su da foti an bi da fenti. Tambarin Ralin shi kansa na gaske ne, tagulla ce har ta yi duhu, amma da ƙusar alminiyom sabuwa fil aka buga shi, ɗaya ma a karkace. Na juya keken na goge cibiyar tayar baya da tsumma da ɗan kananzir, giyar kamfanin Sturmey-Archer ce ta gaske, samfurin AW, amma lambar da ke jiki 78 ce. Nace Kawu, wannan giyar an yi ta a 1978, gangar jikin kuma ba ta Ingila bace kwata-kwata. Shiru yayi, can yace to Allah ya isa.

Abin da mutumin nan yake yi kenan. Ya samu tsohon keke ɗaya na gaske, mai yiwuwa a ƙauye ya saye shi a wulaƙance hannun magada da basu san darajarsa ba, sai ya farke shi, tambari ya tafi jikin wani keke, giya ta tafi jikin wani, sirdi ya tafi na uku, kowanne a sayar dashi a matsayin asali. An cuci masu saye, an kuma kashe keken gaskiya guda ɗaya da bazai sake haɗuwa ba har abada.

Dalilin da yasa abin ke shiga mutane shine kekunan Sin da na Indiya, su Phoenix da Flying Pigeon da Hero da Avon, dama tun farko a kan fasalin keken Ingila aka ƙera su. Taya 28 ce iri ɗaya, birkin sanda ne iri ɗaya, ga murfin kaca ga kariya a baya, in aka fesa baƙin fenti aka manna sitika sai wanda ya sani. Kuma ni bana raina Phoenix, keke ne mai ƙwari ya ɗauki buhu ya ɗauki jarka ya ciyar da gidaje, amma a sayar dashi da sunansa da kuɗinsa.

To ga abin da zaku duba, kuma duk a jikin ƙarfe yake, fenti da sitika kowa na iya saye a kasuwa.

Na farko giyar baya in mai giya uku ne. A da kamfanin Sturmey-Archer yana buga shekara da wata a jikin cibiyar, ƙasan sunan samfurin, misali kaga 55 sannan 3, wato watan Maris 1955. Samfurin AW tun 1936 ake yinsa kuma an daɗe ana yi, saboda haka ganin AW kaɗai bai nuna tsufa ba, lambar ce magana. A 2000 kamfanin SunRace na Taiwan ya saye Sturmey-Archer, duk wadda aka yi bayan nan ba ta Nottingham bace. Amma ku sani ana iya canza taya sukutum, kamar yadda aka yi wa na Kawu, kuma da yawa cikin Ralin da aka kawo ƙasashenmu marasa giya ne, babu wannan lambar a jikinsu sam. Shi yasa ba'a tsayawa a nan.

Sai lambar gangar jiki. Tana iya kasancewa a wajen da sandar sirdi ke shiga, ko a ƙarƙashin inda feda ke juyawa, ko wajen da tayar baya ke ɗaurewa. Daga wajen 1974 Raleigh sun koma tsari ɗaya, harafi biyu sannan lambobi, harafin farko na masana'anta ne, N na Nottingham W na Worksop, lambar farko kuma ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka yi shi. Duk keken da ke da irin wannan lambar aka ce maka na 1950 da wani abu ne, ƙarya ake maka ko da kuwa Rali ne na gaske. In kuma ka ga wurin an goge shi da giranda ya yi sumul an bi da fenti mai kauri, tashi ka tafi, ko haɗi ne ko na sata.

Ku duba kafaɗar fok ɗin gaba, inda ƙafafu biyun suka haɗu a saman taya. Na Rali zagaye yake kamar bututu a kwance, da ɗan kwarmi mai ƙyalli a kowane gefe. Humber kuma yawanci kowace ƙafar fok ɗinsa siraran bututu biyu ne, ba ɗaya ba. Sai babban faranti mai haƙora na kaca, na Rali an huda shi da siffar kan zalɓe, na Rudge tafin hannu ne a buɗe, na Humber wasu 'yan mutane ne a zagaye. In murfi ya rufe shi, ka ce a cire ɗan faifan gefen feda ka leƙa, mai gaskiya bazai ƙi ba.

Abu na ƙarshe da ɗan damfara bai iya ƙirƙira shine zaren noti. A da Raleigh suna da nasu zaren na kansu, 26 a inci ɗaya, sauran kamfanoni yawanci 24 suke yi, shi yasa tsofaffin masu gyaran keke suka san kofin wuyan Rali baya hawa wani keke sai an yi masa dole ya ci zare. Kuma notinan tsohon keken Ingila awon Whitworth ne, wato tsohon awon inci na Ingila, sifana ta milimita bata zama daidai a kansu, ko tayi sako-sako ko taƙi shiga. A na Kawu sifana 10 da 13 da 15 suka kwance komai tas ba gardama.

Sannan ku saurari labarin da yake bayarwa, nan ma yana tona kansa. Na ga tallan da yace Raleigh sabo dal daga masana'antar Nottingham, alhali sun daina ƙera keke a can tun 2002. Na ga keken BSA sabo a kwali wai daga Birmingham, to Raleigh ta saye ɓangaren kekunan BSA tun 1957, kuma BSA da Hercules sababbi da ake gani yanzu kamfanin TI Cycles ne ke yinsu a Indiya, halal ɗinsu ne sunan, amma ba na Ingila bane kuma ba tsofaffi bane. Humber ta koma hannun Raleigh a 1932, Rudge a 1943, saboda haka Rudge na 1960 a Nottingham aka yi shi, wanda yace maka Coventry, garin da ake yin Rudge a da, bai san kayansa ba ko yana so ya ruɗe ka. Kar ku manta kuma Raleigh ta yi masana'anta a Kano, akwai Rali da yawa a gidajenmu da a nan aka haɗa su, na gaske ne suna da darajarsu da tarihinsu, amma shi sai ya ɗauko irinsu yace daga Landan aka sauke jiya ya ninka kuɗi.

Ni dai shawarata kar wanda ya biya kafin alƙalami a kan hoto. In keken yana garinku kaje da tsohon mai gyaran keke, irin dattawan nan da suka yi shekaru suna kwance Rali, ka biya shi ɗan kuɗin mota ya duba maka. In nesa ne kace ya rubuta sunanka da ranar a takarda ya ajiye kusa da lambar giya da lambar gangar jiki ya ɗauki bidiyo ba yankewa, daga tambari har baya, sannan ka wakilta wani naka a garin ya gani da idonsa kafin kuɗi su fita. Masu tsohon keken iyayensu a gida kuma dan Allah in wani yazo yace zai sayi tambarin kaɗai ko sirdin kamfanin Brooks ɗin kaɗai ko tayar baya, kar ku bayar, waɗannan su ake nema a yi jabun dasu.

Wanda kuma an riga an karɓi kuɗinsa kar ya goge komai, ya ajiye rasit ɗin tiransifa da hirarsu ta WhatsApp da hoton tallan da sunan da ke kan akawun, ya kai ƙorafi bankinsa da wuri sannan ya kai wa 'yan sanda. Mu mun kai namu muna jira. Ku tura wannan zuwa guruf ɗin masu kekuna da na 'yan uwa, musamman wajen dattawa domin su ya fi nema, kuma a satin nan na sake ganin hotunan nan dai da wani sabon suna da sabuwar lamba.