Sharhi: fim ɗin rayuwar Pat Morita, ɗan barkwancin da ya zama Miyagi

Duk wanda ya taso lokacin kaset ɗin bidiyo da wuya a ce bai san tsohon nan mai ɗan gemu ba, wanda ya sa yaro goge motoci da fentin shinge da sunan koyar da shi faɗa. Miyagi ke nan na fim ɗin The Karate Kid na 1984. Kwanan nan na biya kuɗin haya a intanet na kalli More Than Miyagi, fim ɗin tarihin rayuwar mutumin da ya fito a matsayinsa, wato Pat Morita. Kevin Derek ne ya shirya shi, ya fito a 2021. Kusan awa ɗaya da rabi ne, da Turanci, don haka wanda kunnensa bai saba da Turancin Amurka ba ya kunna rubutun ƙasa.

A ganina kuɗina bai tafi a banza ba, amma ina da ƙorafi.

Abin da zai fara bugun mai kallo shi ne muryar mutumin. Turancinsa na ɗan Amurka ne tsantsa, da sauri, da zolaya. Wancan gurguwar maganar ta Miyagi shiryawa ya yi. An haife shi a 1932 a garin Isleton na jihar Kalifoniya, iyayensa 'yan ci-rani ne daga Japan, sunan yankansa Noriyuki. Karate ɗin ma bai iya ba. Wani gwani mai suna Fumio Demura ne yake tsaya masa a wuraren faɗa masu wuya.

Ɓangaren ƙuruciyarsa ya fi komai taɓa ni. Yana ɗan shekara 2 tarin fuka ya kama masa ƙashin baya. Kusan shekara 9 ya yi a asibiti, galibi a ɗaure cikin filasta, har an ce ba zai taɓa tafiya ba. Aka yi masa aiki, ya miƙe. To ranar da aka sallame shi, yana da shekara 11, ba gida aka kai shi ba. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta kwashe mutane kusan 120,000 masu asalin Japan ta tsare su a sansanoni bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor. Daga gadon asibiti sai sansanin Gila River a jihar Arizona, inda iyayensa suke. Yaron da yanzu ya koyi taka ƙasa, ga shi a bayan waya.

Bayan yaƙi iyalin suka buɗe gidan abinci a Sacramento. A 1956 mota ta buge mahaifinsa, direban ya gudu, uban ya rasu. Morita ya samu aiki a sashen kwamfuta na kamfanin Aerojet mai ƙera injin roka, ga albashi, ga mata da 'ya. Yana wajen shekara 30 ya ajiye komai ya ce shi barkwanci zai yi.

Nan ƙorafina yake. Shekarun da ya yi yana yawo a kulob-kulob na dare, shi kaɗai da makirufo a gaban mashaya, su ne na so a tsaya a kansu sosai, amma abin da na samu bai ƙosar da ni ba. Ba ƙaramin aiki ba ne Bajapane ya hau dandamali a Amurka shekara ashirin kacal bayan yaƙin, ya sa mutanen da suka yaƙi Japan dariya. Har laƙabi ya yi wa kansa da kalmar da ake zagin Japanawa da ita, ya riga masu zagin. Sally Marr, mahaifiyar shahararren ɗan barkwanci Lenny Bruce, ita ta riƙe harkarsa, Redd Foxx kuma ya ja shi a jiki har ya fito a shirinsa na talabijin, Sanford and Son. Ni dai na yi imani a can ya koyi abin da ya gyara Miyagi: sanin lokacin da za a yi shiru, da lokacin da za a saki magana ɗaya a juya baya.

Daga nan ya zama irin ɗan wasan da ba a ba shi jarumta, sai dai mai shago, likita, ko yaron mugu. Fim ɗinsa na farko a 1967 ne. A 1975 ya fara fitowa a matsayin Arnold mai gidan abinci a shirin barkwanci na talabijin Happy Days, fuskarsa ta sanu. Wannan sanuwar ce ta kusa hana shi Miyagi, domin furodusa Jerry Weintraub ya ce ba ya son ɗan barkwanci. Sai da darakta John Avildsen ya dage. A cikin The Karate Kid akwai wurin da Miyagi ya bugu yana tuna matarsa da jaririnsa da suka rasu a sansanin Manzanar, ɗaya daga cikin sansanonin da aka tsare masu asalin Japan. In ka san inda Morita ya yi ƙuruciya, ba za ka ƙara kallon wurin kamar da ba. An sa sunansa a takarar lambar yabon fina-finai ta Oscar saboda fitowarsa a Miyagi, amma ɗan wasa Haing Ngor ya lashe.

Rabin ƙarshe na More Than Miyagi ya koma kan giya, wadda ta ci shi har ƙarshen rayuwarsa. Na yaba da ba a rufe ba. Sai dai labarin ya fi fitowa daga bakin matarsa ta ƙarshe, Evelyn Guerrero, kuma mutumin da ya yi aure uku ba a jin labarinsa daga baki ɗaya. Tsofaffin abokan aikinsa irin su Ralph Macchio da Henry Winkler sun yi magana, mafi yawa yabo ne. Ya rasu a Las Vegas ranar 24 ga Nuwamba, 2005, yana da shekara 73.

Masu neman duka da tsalle-tsalle su riƙe kuɗinsu. Ba kuma na kallo da ƙananan yara ba ne, saboda zancen shaye-shayen.