Hattara da inbatar 5000W mai batir ɗaya

Jama'a, ku yi hattara da masu tallar inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir ta koma irin ta gida) a intanet, waɗanda ke liƙa wa ɗan akwati lambar 5000W, wato wat 5000, su ce da batir ɗaya mai bolt 12 zai riƙe gida duka. Ƙanena ya faɗa hannunsu, kuma har yau kuɗinsa ba su dawo ba.

Ranar da aka haɗa masa solar, fitilu da fanka sun kama lafiya lau. Firij na tashi sai inbatar ta yi ƙara, jar fitila ta kunnu, gida ya yi duhu. Ya kira mai kayan, wai batirinsa ne ya gaji. Ya sayo sabo, ba ta sauya zani ba. Daga nan aka daina ɗaga wayarsa.

Da na kifa inbatar, can ƙasa cikin haruffan da sai ka ƙanƙance ido, na ga 5000W ɗin ƙarfin da take jurewa ne na ƙiftawar ido kawai. Na aiki a kai a kai an rubuta 2500W, shi ma ban yarda da shi ba.

Ga lissafin da ke tona musu asiri: raba wat da bolt, ka sami amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya. 5000 a raba da 12, sama da amfiya 400 ke nan. Wayar batirin da ta zo cikin kwalin ba ta fi fensir kauri ba. Da za ta ɗauki wannan wutar, narkewa za ta yi. Shi ya sa inbata ta gaskiya mai girman nan galibi kan bolt 48 take aiki, wato batir huɗu masu bolt 12 a jere.

Akwai kuma wasan kVA, wani ma'aunin ƙarfin inbata daban da wat. Wasu inbatocin masu 5kVA wat 4000 suke bayarwa, amma mai talla zai ce maka dubu biyar ne cif. Ka nemi ya nuna maka wat ɗin a jikin na'urar, ba a kwali ba.

Kafin ka je saye, tara wat na kayan da za su yi aiki lokaci guda, ka ƙara kwata a kai. Kada ka manta firij da injin jawo ruwa, lokacin tashi sukan ja ninki uku na wutar da suke ci, ko fiye. Nan ne ƙananan inbatoci ke durƙushewa.

Sannan kada ka biya sai an gwada a gabanka. A jona dutsen guga da butar lantarki tare, minti goma. A kunna fanka, in ka ji tana gurnani to wutar ba tatacciya ba ce, za ta riƙa zafafa injin firij. Da ƙanena ya nemi gwaji tun farko, cewa aka yi ai buɗe kwali na ɓata garanti.