Shagon buga takardu da ya haɗa wa ɗiyata allon magana

Iyayen da ke da yaron da ba ya iya magana da baki a nan Maradi, wannan bayanin naku ne. A cikin shagunan da ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke kai takardunsu bugawa, akwai wani ɗan ƙarami da nake kai aikin allon maganar ɗiyata, wato shafukan hotuna da take nuni a kansu don ta faɗi abin da take so. Ba shagon kayan naƙasassu ba ne. Kwamfuta ce, da injin kwafi, da firinta mai launi, da injin da ke manna wa takarda leda da zafi, sai mai shagon da yaronsa. Da waɗannan kaɗai suka yi mana aikin da ban samu inda ake sayar da irinsa a gari ba.

Ɗiyata shekararta takwas. Ta sha wahala wajen haihuwa, abin ya taɓa ƙwaƙwalwarta ta fannin motsi, ciwon da likitocinmu ke kira IMC. Tana ji, tana ganewa sarai, tana dariyar abin dariya kafin kowa, amma harshe da leɓe ba sa bin umarninta. Ma'aikaciyar gashin ƙashin da ke duba ta, ita ce ta fara nuna mini hotunan ARASAAC a wayarta. Wata cibiya ce ta gwamnatin yankin Aragon a Sifaniya, ta zuba dubban zane-zane a intanet kyauta don masu magana da nuni, da sharaɗin a ambaci mai su kuma kada a yi kasuwanci da su. Da na bayyana wa mai shagon wannan sharaɗi, sai ya ce, «Madam, ai ni kuɗin takarda da tawada da leda kawai zan karɓa.» Haka kuwa ya yi, kuma ya sa sunan cibiyar a ƙasan kowane shafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsa wajen girman gidajen hotuna. Hannun yarinyar ba ya miƙa yatsa ɗaya, da dunƙule take nuni, kuma hannun yakan zarce inda ta nufa. Ya buga mana gwaji a farar takarda marar launi don kada in yi asara, na kai gida muka gwada a kan tiren kekenta na guragu, na dawo na ce a ƙara girma a kuma ƙara tazara. Bai ɓata rai ba. Muka tsaya a gida 12 a shafi, uku a tsaye huɗu a kwance. Wanda ɗansa ke nuni da ido, ya nemi ƙasa da haka, a tura hotunan can kusurwoyi yadda mai kallo zai gane inda idon ya sauka.

Shafin farko ba mu cika shi da sunayen abinci ba. Kalmomin da ake juyawa a ko'ina muka sa: ni, ke, so, ƙara, ya isa, zo, tafi, ba ni, duba, ciwo, i, a'a. Da «ƙara» kaɗai tana neman ƙarin kunu, da ƙarin wasa, da a maimaita mata tatsuniya. Na roƙi mai shagon ya bi tsarin launin da ake dangantawa da Edith Fitzgerald, wata malamar kurame a Amurka: mutane rawaya, aikatau kore, sunayen abubuwa ruwan lemo, siffofi shuɗi. Ya rubuta tsarin a wata ƴar takarda ya liƙa jikin kwamfutarsa, kuma duk shafin da muka ƙara daga baya, «i» da «a'a» suna nan a gurbinsu na farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hannu yana haddace wuri, in aka sauya masa sai ya koma lalube. Abubuwan da suke namu kuwa, fura da ƙosai da buta da tabarma da adaidaita da fuskar kakarta, da waya na ɗauke su a jikin farin bango, ya goge bayansu ya jera.

Inda muka yi ta fama shi ne rubutun da ke ƙarƙashin hotuna. Ni malamar firamare ce, kuma burina yarinyar nan ta yi karatu, don hoto yana da iyaka, haruffa kuwa za su ba ta damar faɗin abin da ba mu taɓa tunanin zana mata ba. Bugun farko ya fito da ƴan akwatuna a wurin ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Yaron shagon ya ce, «Inna, a sa k da d kawai mana, ai za a gane.» Na ce masa, ɗana, ni zan gane, ita kuwa yanzu take koyo, abin da idonta ya fara gani shi zai zauna. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, amma kwamfutocin shagunanmu har yau da haruffan Faransanci suke zuwa, kuma a ganina shagon da ke tsakiyar Hausawa bai kamata ya jira mai saye ta koya masa wannan ba. Mun warware ta da salon haruffa na Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara don masu fara karatu, kyauta ne kuma yana da masu lanƙwasa duka. Ni nake rubuta kalmomin a wayata in tura masa ta WhatsApp, ya kwafa ya manna. A bayan kundin ya yi mana shafin baƙaƙe da wasula manya-manya. Yanzu in ta nuna hoton fura, sai in juya in nuna mata f, in furta, ita ma ta kai hannu.

Ledar tana da kauri, ta jure yawu da gumin watan Afrilu da ƙurar hunturu, da tsumma mai laima nake goge ta. Sefa 500 yake karɓa a kan shafi, bugu da leda. Amma tana da ƙyalli, in muna tsakar gida da hantsi hasken rana yakan rufe hoton gaba ɗaya, dole mu koma inuwa. Kusurwoyinta kuma suna da kaifi, sun taɓa yankar ta a kumatu, don haka ku sa a zagaye su da almakashi kafin ku baro shagon. Ranar da babu wuta babu aiki, ba shi da janareto. Kuma matakala biyu ce a ƙofar, keken guragu ba ya shiga sai an ɗaga.

Kakarta ta so ta hana, wai allon zai sa ta yi kasalar magana. Masu bincike a wannan fanni sun duba wannan fargaba, ba su ga allo ko na'ura na hana magana fitowa ba, wasu yaran ma sautinsu ƙaruwa yake yi. Abin da ke kashe allo shi ne a rataye shi a ƙusa. Sai mu manya mun riƙa nuni a kansa muna magana da ita, a wurin wanka da cin tuwo, sannan mu yi shiru mu jira amsarta ko da ta daɗe.

In za ku je, ku tafi da jerin kalmominku a rubuce da hotunan gidanku a waya, ku guji lokacin da ɗalibai ke buga kundin kammala karatu don layi yakan yi tsawo. Ku ce ya ajiye muku fayil ɗin, ku ma ku karɓi kwafi a wayarku. Na roƙe shi ya nemo leda marar ƙyalli in zai yi sayayya a Kano, kuma da ita nake so a yi shafin makarantar Islamiyya da muke haɗawa yanzu.