Wata takwas ina biyan kuɗin dish, ga abin da na gani a hoto da sauti

Jama'a tun watan Janairu na haɗa dish ɗin kamfanin nan da ake biya duk wata, yanzu muna Agusta, ina ganin na kai matsayin da zan iya faɗin albarkacin bakina a kai. Sunan kamfanin ba zan kama ba, amma in ka taɓa zama kana kallon ƙwallo hoto ya daskare daidai lokacin da ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga fanareti to ka san zafin da nake magana a kai.

Gaskiya da farko ban da ƙorafi. Lokacin sanyi ne, sama fes, hoto tar kamar ka miƙa hannu ka taɓa ciyawar filin. A kansa muka kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka ran 11 ga Fabrairun 2024 da Kwaddibuwa ta ci mu 2 da 1, ko sau ɗaya bai yanke ba, baƙin cikin ranar daga fili ya zo ba daga dikoda ba. Hajiyarmu ma da azumi a nan take kallon tarawihin Makka, ta ji daɗinsa sosai.

Damina na sauka labari ya canza. Ba sai an fara ruwa ba ma, hadari kawai ya haɗo daga gabas sai ka ga hoton ya fara farfashewa kamar fasasshen tayil, fuskar mutum ta rabu gida huɗu, sauti ya riƙa yin ƙit ƙit yana tsinkewa, can sai allo ya yi baƙi ya rubuto maka babu sigina. Kuma abin haushin gasar Firimiya a Agusta take farawa, watan da nan Kano ruwa ya fi yawa, wato lokacin da ka fi buƙatar abin shi ne lokacin da ya fi ba ka kunya.

Na kira layin kula da kwastomominsu sau uku. Duk ukun magana ɗaya ce, cire wuta ka jira ka mayar, zare kati ka goge ka mayar. Na yi har na gaji. Ba wanda ya ce min in shiga saitin in duba sigina, wanda ashe nan ne bakin zaren.

Wani mai haɗa dish a unguwarmu ne ya fahimtar da ni, Allah ya saka masa da alheri. Ya karɓi rimot ya buɗe wajen sigina ya nuna min layi biyu, ɗaya ƙarfi ɗaya inganci, ya ce Alhaji kar ƙarfin nan ya ruɗe ka, ingancin shi ne hoton. Nawa ƙarfi ya haura 80 amma inganci ko 50 bai kai ba kuma a ranar ko gajimare babu. Ya hau rufi ya tarar iskar farkon damina ta ɗan karkatar da farantin, sukurori biyu sun saki, sannan kan wayar da ke shiga LNB, wancan ɗan kan da ke tsaye gaban faranti, ba a naɗe shi da komai ba ruwa ya shiga ya yi tsatsa kore shar. Wayar ma irin mai arhar nan ce da jan ƙarfen cikinta shafe ne kawai. Kuma wanda ya yi min wannan aikin tun farko wakilin kamfanin ne ya turo shi, ba a titi na tsinto shi ba, wannan ya ci min rai wallahi.

Ya ce min tauraron ɗan adam da ke turo siginar yana can sama kusan kilomita 36,000, saboda haka ɗan motsin da idonka ba zai ma gani ba ya isa ya zubar da rabin sigina. Irin waɗannan ƙananan farantan kuma a zangon siginar da ake kira Ku suke aiki, shi kuwa ɗigon ruwa yana shanye shi, shi ya sa manyan dish ɗin zamanin da masu aiki a zangon C ba su cika damuwa da ruwa ba. Muka canza waya gaba ɗaya, muka sa sabon LNB, na cire faranti mai santimita 60 na sa mai 90. Yanzu yayyafi ba ya taɓa shi, sai in ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, shi ma minti goma sha biyar haka ya dawo. Ya kuma gargaɗe ni cewa wajen Maris da wajen ƙarshen Satumba rana kan tsaya saitin bayan tauraron sigina ta ɗauke na 'yan mintoci, in na gani kar in taɓa komai.

To wannan na gyara da kuɗina. Saura abin da ba a rufin gidana yake ba.

Na ɗaya sauti. A wasu tashoshin murya daban baki daban, mai labarai ya rufe baki amma maganarsa na ci gaba, a fim ɗin Hausa kuwa abin ya fi muni don kana jin yaren kana kallon leɓen, sai ka ji kamar fassarar fim ɗin Indiya kake kallo. In na canza tasha na dawo yakan daidaita, bayan rabin awa ya sake zamewa. Na canza wayar HDMI mai haɗa dikoda da tibi, na gwada tsohuwar mai kai uku ja da fari da rawaya, na kai dikodar gidan ƙanina na jona a tibinsa, duk ɗaya. Sannan ƙarar ba ta daidaita, tashar wa'azi sai ka kai 40 kafin Hajiya ta ji, kana matsawa tasha ta gaba ko talla ta shigo sai gidan ya ɗauka har jariri ya farka.

Na biyu ingancin hoton kansa. Tashoshin ƙwallo masu HD suna da kyau ba ƙarya, amma tashoshinmu na gida da na Hausa an matse su har sun yi dishi-dishi, in tibinka ya kai inci 43 za ka ga fuska kamar an shafa mata man shanu, rubutun da ke gudu a ƙasa da ƙyar ake karantawa. Kuma su ne iyalina suka fi kallo, ba ƙwallo ba. Kuɗi ɗaya muke biya, me ya sa abin da mata da yara da tsofaffi ke kallo shi ne aka bar wa ragowa?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kwanakin da suka tafi. Kusan kwana tara a Yuli ba mu kalli abin kirki ba, ranar da wata ya cika kuwa ko awa ɗaya ba su ƙara ba suka datse. Na roƙa a mayar min ko kwana uku aka ce tsarin bai ba da dama ba.

In tauraro biyar ne ina ba su biyu da rabi. Wanda zai haɗa, dan Allah ya tsaya a kan mai aikin, ya sa a nuna masa lambar inganci kafin ya sallame shi, ya sayi waya mai kyau da kansa, a naɗe kan LNB da tef, in da hali ya fara da babban faranti. Ni dai na biya na Satumba saboda yara, amma in maganar muryar nan ba ta gyaru ba zuwa ƙarshensa zan sa a juya farantin zuwa tashoshin kyauta.