Wata huɗu da Family Link a wayar ɗana

Ƙarfe uku na dare na tarar da ɗana mai shekara 12 cikin bargo, hasken waya a fuskarsa, idanu jajur. Bayan kwana biyu na gano ya ɗauki katina na banki ya sayi kayan cikin gem. Mahaifinsa ya so ya zane shi, na ba shi haƙuri. Sata ce, ba musu, amma yaron da bai iya barci sai da waya a hannu yana bukatar fiye da bulala. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasan bidiyo a jerin cututtuka.

Sai na sa masa Family Link, manhajar Google da iyaye ke kula da wayar yara da ita. Daga wayata nake ƙayyade masa awa ɗaya a rana, ƙarfe tara wayar ta kulle kanta. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne, ba ya sauke sabon gem sai na amince.

Makon farko kuka da buga ƙofa. Manhajar ta iya rufe waya, fushin kuwa sai da muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Kuɗin da ya ɗauka yana biya daga na kashewarsa, saura kaɗan.