Katin walima da kundin hotunan Yankari: kaya ɗaya za su yi ko kowa da nasa?

Wa'alaikumus salam Anti, Allah ya sanya albarka a saukar yarinya. Tambayarki idan na fahimta ita ce kina son ki haɗa katin gayyatar walima guda 40 da hannunki, sannan abin da ya yi saura na kwali da gam ki yi kundin hotunan tafiyar da kuka yi Yankari da hutun nan, shin sayayya ɗaya za ta wadatar? Toh almakashi da rula da reza kam ɗaya ne, amma takarda da gam kowa da nasa. Dalili kuwa kati aikinsa bai wuce sati biyu ba, da an ci shinkafar walima shikenan ya gama, shi kuwa kundi so kike yarinyar nan wata rana ta buɗe shi a ɗakinta ta nuna wa nata 'ya'yan.

Mu fara da takarda. A wajen kati kauri ake nema. Farar takardar da ake fotokwafi da ita giram 80 ce (wato nauyin kowane murabba'in mita nata, da shi ake gane kauri), in kin duba jikin ledar za ki ga an rubuta, ita wannan ba ta tsayuwa a hannu, ki nemi kwali mai giram 220 zuwa 300. Sai dai ƙananan firintocin gida da yawa ba sa iya jan kwali mai kauri haka, maƙalewa yake, don haka ki buga rubutun a takarda mai giram 120 ki yanka ki manna a kan kwalin, har ya fi kyau ma don gefen kwalin zai fito ya zagaye rubutun. Kuma dan Allah ki fara sayen ambulan kafin ki yanka komai. A4 in kin raba huɗu kin samu A6, santimita 10.5 da 14.8, shi ke shiga ambulan ɗin C6 daidai, kinga kati 40 kwali 10 ne kawai in ba mai ninki ba ne, in mai ninki ne 20, sai ki ƙara biyu ko uku saboda ɓaci. In za ki ninka kar ki ninka haka kawai, ki ɗora rula ki ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare tukunna, in ba haka ba bakin ninkin fashewa yake ya yi fari.

A wajen kundi kuwa kauri ba shi ne babbar magana ba, abin da ke cikin takardar ne. Kin san yadda tsohuwar jarida take komawa ruwan ƙasa har ta riƙa karyewa, to asid ne da wani sinadari na itace da ake kira lignin wanda ba a cire ba lokacin haɗa ta, kuma takarda mai arha in ta jima manne da hoto ɓata shi take. Kwalin nan mai launi-launi da yara suke aikin makaranta da shi, na kati ya yi sosai, amma a kundi launinsa koɗewa yake, in ya ji danshi kuma ya zuba a jikin hoto. Ki tambayi masu shagon kayan zane takardar da aka rubuta acid-free a ledarta, wato marar asid, baƙa ko fara mai ɗan duhu. Masu haɗa irin wannan kundin a Amurka shafi mai inci 12 kowane gefe suke amfani da shi, amma ni ban ga dalilin wahalar nemansa ba, A4 a kwance ya ɗauki hoto biyu na santimita 10 da 15 a tsaye har da wurin rubutu a ƙasa.

Gam shi ne inda na fi so ki natsu. Na kati kusan komai ya yi, UHU na gogawa, Top Bond, salatef mai manne gaba da baya, har gam ɗin bindiga in za ki sa ribon ko duwatsu. Abu ɗaya, farin gam ruwa gare shi, in kika labta takarda za ta yi kumburi ta lanƙwashe, ki shafa kaɗan ki baje da guntun kwali sannan ki danne da littafi mai nauyi ya kwana. Na kundi fa, wallahi rabin waɗannan ba sa shiga. Salatef na yau da kullum bayan 'yan shekaru ja yake yi, ledar ta ɓalle, maiƙon ya shige cikin hoton kuma ba ya fita har abada. Gam ɗin bindiga tudu yake bari yana tokare shafin da ke gabansa. Sitaci ko kwaɓin fulawa da wasu ke dafawa don sauƙi, wannan abincin kyankyaso ne da gara kika ajiye musu. Ni a ganina hoto ma kar gam ya taɓa shi gaba ɗaya, ki yanke kusurwoyin ambulan na farar takarda mai kyau ki manna su huɗu a shafi ki zura hoton, ko ki tsaga shafin da reza a karkace wuri huɗu, duk ranar da kike son cire hoton za ki zare shi lafiya lau.

Sai rasit da tikiti, wannan matsalar kati bai san da ita ba. Rasit ɗin POS da irin tikitin da inji ke fitarwa ba tawada ba ce a jiki, zafi ne yake fito da rubutun, shi yasa yake gogewa da kansa musamman da zafin garinmu. Kuma kar wani ya ce miki a kai a yi laminatin, injin zafi ne, takardar baƙi ƙirin za ta fito. Ki yi fotokwafinsu yanzu tun ana iya karantawa ki manna kwafin, na asalin ki sa a ɗan aljihun takarda a gefe.

Ado kuma, a kati ki sake jiki. Tunda sauka ce ki yanka shi da siffar allo, da ɗan kan nan nasa, ki yi zayyana a gefe da ja da ruwan ɗorawa da kore da baƙi irin ta allon sauka, ki yanka guda ɗaya a kwali mai tauri ya zama ma'auni sauran duk ki riƙa ɗorawa kina zagayewa da fensir. Amma ina roƙonki kar ki rubuta aya a jiki, kinsan inda kati yake ƙarewa bayan biki, ƙasa da kwandon shara da hannun yara, sunan yarinya da na makaranta da rana da wuri sun isa. A kundi kuwa komai ya zama a kwance, ƙyallen atamfar da kuka sa, taswirar da kika zana da hannu, in kika cika duwatsu da fulawoyi zai kumbura kamar jakar 'yar koli ya ƙi rufuwa. Adon kundi na gaskiya rubutu ne, kwanan wata, wa da wa aka je da su, me ƙaramin ya ce da ya shiga ruwan Wikki ya ji shi da ɗumi (kusan digiri 31 yake rani da damina), yadda birai suka yi da ledar abinci, ko kun leƙa kogunan Marshall da ke jikin dutse. Ki rubuta a shafi da alƙalami mai tawadar da ruwa ba ya wankewa, kar ki danna biro a bayan hoto don shatin yana fitowa ta gaba.

Aikin ma ba iri ɗaya ba ne. Kati abu ɗaya ne sau 40 kuma ga rana an sa, don haka ki yanka duka rana ɗaya, manni rana ɗaya, zayyana rana ɗaya, ki zaunar da yara su taya ki, in kika ce sai kin gama ɗaya kaf kafin ki ɗauki wani ba za ki kai rabi ba kin gaji. Kundi babu mai jiranki, shafi ɗaya bayan isha'i ya isa, rubutun ne kawai kar ki bari ya jima don mantuwa. In kin gama ki jingina shi a tsaye cikin kabad, nesa da bangon da ke jiƙa da damina.

Don haka ki fara da katin, ragowar kwalin mai kauri ki yi bangon kundin da shi ki lulluɓe da atamfa tunda bango ba ya taɓa hoto, a takarda shafukan ciki ne kawai za ki sake saye daban.